Yadda ake haɗa faifan hawus da tekno da zai tashi fili a Maraɗi

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka san inda za a kunna faifanka. Hawus da tekno kiɗan rawa ne da ake haɗawa da na'ura. A Balin ko Landan mai haɗa tekno yana aiki ne don rufaffen ɗaki mai manyan lasifikan bas, wato sautin ƙasa mai kauri, a kowace kusurwa. A nan Maraɗi faifan zai fita a ƙarƙashin rumfar biki a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ta lasifika biyu masu inci 15 da janareto ke turawa, babu bangon da zai riƙe sauti. Washegari kuma a waya za a ji shi, ta ƙaramar lasifikar da ba ta kai farce girma ba. Duk shawarar da ke ƙasa daga waɗannan wurare biyu ta taso.

Hawus ya tashi a birnin Shikago a farkon shekarun 1980, a hannun masu kunna faifai irin su Frankie Knuckles, wanda ya fara aiki a gidan rawa na Warehouse a 1977. Tekno ya biyo baya daga Ditiroyit a tsakiyar shekarun, ta hannun Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Injinan kamfanin Roland ne suka ba su sautinsu: TR-808 na 1980, TB-303 na 1981, da TR-909 na 1983. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a kiɗan na'ura, domin tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da ogan mai lantarki. Yau sautin waɗancan injinan duka yana cikin manhaja, abin da ya rage shi ne sanin yadda za a jera shi.

Kaya da ɗaki

Kwamfuta mai RAM 8 GB ta isa. FL Studio ita ce manhajar da ta fi yawa a situdiyoyinmu, don haka da ita za mu riƙa misali, amma Ableton Live ko Reaper duk aikin ɗaya ne. Sai katin sauti mai ƙofa biyu, makirfo irin na hannu kamar Shure SM57 ko SM58, hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, da lasifikan situdiyo masu inci 5 in hali ya yi. Ka ƙara da manhajoji biyu na kyauta: SPAN, mai nuna maka inda kowane sauti yake zaune, da Youlean Loudness Meter, mai auna ƙarfi. Lokacin naɗi ka sa bafa, wato ma'aunin jinkirin katin sauti, a 128 ko 256 don kada makaɗi ya ji jinkiri a kunne. Lokacin miksin, wato daidaita sautukan da juna, ka ɗaga ta zuwa 512 ko 1024. A Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, kwamfuta tana rage gudu da kanta don kare injinta, sai sauti ya fara tsattsagewa. Ka ɗaga gindinta iska ta ratsa, ka hure ƙurar fanka, ka yi aiki mai nauyi da dare ko da sassafe. Ka saita manhaja ta riƙa ajiye aiki kowane minti 5 saboda ɗaukewar wuta.

Wutarmu 220 V ce mai zagaye 50 Hz, wato sau 50 a sakan, kuma wannan 50 ɗin ya faɗa daidai inda kik, wato babbar gangar injin, yake zaune. In gurnanin wuta ya shiga naɗi, ba za ka iya yanke shi daga baya ba tare da ka taɓa gindin kiɗan ba. Magani mai sauƙi: cire cajar laftof lokacin naɗi, a yi aiki da batir, a nisanta wayar makirfo da wayar wuta, a kashe fanka da firiji.

Ɗakin siminti yana yaudarar kunne. Tsakanin bango biyu masu tazarar mita 3, sautin wajen 57 Hz yana taruwa ya kumbura a jikin bango, ya kusan ɓacewa a tsakiyar ɗaki. In tazarar mita 4 ce, abin yana faruwa a wajen 43 Hz. Wanda ya zauna tsakiya zai ji bas ya yi kaɗan ya ƙara, wanda ya jingina da bango zai ji ya yi yawa ya rage, dukansu kuma sun yi kuskure. Ka zauna wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin, ka jingina katifu masu kauri a kusurwoyi, ka shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya taɓa bas ko kaɗan, kada ka ɓata kuɗinka.

Gudu da ƙirga

Hawus yana tafiya tsakanin bugu 120 zuwa 128 a minti, tekno daga 125 zuwa 140 ko sama. Mu ɗauki 125, domin lissafinsa a fili yake kuma masu rawar biki suna iya binsa ba tare da sun gaji da wuri ba. A wannan gudun bugu ɗaya milisakan 480 ne, rabinsa 240, rubu'insa 120. Bugu huɗu su ne gaɓa ɗaya, wato sakan 1.92. Gaɓa 32 minti ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Ka rubuta waɗannan lambobi a takarda ka manna kusa da kwamfuta, za ka yi ta komawa kansu.

Kowace gaɓa tana da gida 16 a allon FL Studio. Kik yana zama a gida na 1, 5, 9 da 13. Tafi a 5 da 13. Buɗaɗɗen hayhat, wato ƙarar farantin ƙarfe na ganguna, a 3, 7, 11 da 15, tsakanin kik da kik, kuma shi ne ke ɗaga kafaɗa. Rufaffen hayhat ko caki yana cike sauran gidajen, amma kada ƙarfinsu ya zama ɗaya: ka rage na gidajen 2, 4, 6 da sauran masu bin su zuwa kashi 60 ko 70 cikin ɗari, in ba haka ba kiɗan zai bushe. Hawus yana son ɗan lanƙwasa, sai ka tura maɓallin suwing kaɗan har ka ji kiɗan ya fara rangaji. Tekno ya fi son miƙewa. Tafin da ke cikin manhaja kowa yana da irinsa, gara ka tara mutum uku ko huɗu a ɗaki su tafa tare sau goma, ka zaɓi biyu mafi kyau ka ɗora kan na injin. Ɗan saɓanin hannuwansu shi ke ba shi faɗi.

Kik da bas

Nan ne faifai yake tsayawa ko ya faɗi. Kik yana da sassa uku: gindi tsakanin 45 da 60 Hz, naushi tsakanin 90 da 120 Hz wanda ake ji a ƙirji, da ƙyas ɗin baki tsakanin 2 da 5 kHz. Masu tekno na Turai suna son gindi ya sauka har 41 ko 44 Hz saboda suna da lasifikan da za su fitar da shi. Lasifika mai inci 15 da babu sab, wato lasifikar bas zalla, a ƙarƙashinta takan fara gazawa daga wajen 50 ko 60 Hz zuwa ƙasa. Abin da ka zuba a can ba za a ji shi ba, sai dai ya cinye ƙarfin amfilifaya ya zafafa ta. Don haka ka zaɓi kik mai gindi a 55 Hz, wato sautin La na tsanin Do-Re-Mi, ka tabbata naushinsa na 100 Hz yana da ƙarfi. FL Studio tana ƙirga oktaf daban da sauran manhajoji, La ɗin 55 Hz tana nuna shi a matsayin A2, saboda haka ka dogara da lambar Hz da SPAN ya nuna maka. Wutsiyar kik kada ta wuce milisakan 240. In ta wuce za ta hau kan bas.

Kik da bas lugude suke yi a turmi ɗaya: taɓarya ɗaya na sauka, ɗaya na tashi, in suka sauka tare sai su yi karo. Hanya mafi sauƙi ita ce bas ya zauna a gidajen da kik ya bari, 3, 7, 11 da 15, sannan ka ƙara guntaye a 4 ko 12 ko 16 don ya yi tafiya. In kana son bas mai tsawo da ba ya yankewa, sai ka yi saidcen: ka aika kik zuwa layin bas, ka ɗora Fruity Limiter a yanayin kwamfiresa, rashiyo 4:1, atak (saurin dannewa) mafi sauri, rilis (saurin saki) tsakanin milisakan 100 da 150, ya riƙa danne bas da 4 zuwa 6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da kik ya sauka. In rilis ya yi gajere za ka ji bas yana ɓarɓarwa. In ya yi tsawo, bas ba zai gama dawowa ba kik na gaba ya iso, sai faifan ya rame.

Akwai matsalar da ke ruɗa mutane da yawa: kik shi kaɗai yana da nauyi, bas shi kaɗai yana da nauyi, amma in an haɗa su sai nauyin ya ragu. Igiyoyin sautinsu ne ke soke juna, ɗaya na tura lasifika gaba ɗaya na janta baya. Ka juya folaritin ɗaya daga ciki, wato ka kifar da igiyar sautinsa, ka saurara, ko ka matsar da bas da milisakan kaɗan.

Don gina bas, 3xOsc da ke cikin FL Studio ya wadatar. Sautin sayin, wato mai santsi, a ƙasa, sautin zarto oktaf ɗaya a sama, ka rufe shi da filta, wato matacin sauti, a wajen 500 Hz. Lasifikar waya ba ta fitar da abin kirki ƙasa da 200 ko 300 Hz, don haka tsurar sayin ta 55 Hz babu ita sam a waya. Ka ɗan ƙona bas ɗin da satureshan, zai haifi ƴaƴa a 110, 165, 220 da 275 Hz, kunne kuma yana jin waɗannan ya cike gindin da kansa. Duk abin da ke ƙasa da 120 Hz ya zauna a tsakiya, mono. Sau da yawa a wajen biki gefe ɗaya kawai aka jona, ko an haɗe hagu da dama a waya guda, kuma bas mai faɗi yana iya ɓacewa a nan take.

Wajen zaɓen sautuka, tsani mai hawa biyar ya fi dacewa da kunnenmu: La, Do, Re, Mi, Sol. Bas mai sauti biyu ko uku da ke maimaituwa kowace gaɓa biyu ya fi bas mai yawo kama ƙafa.

Kalangu

Abin da mai haɗa kiɗa a Maraɗi yake da shi wanda na Ditiroyit ba shi da shi shi ne makaɗin kalangu a unguwarsu. Amma ɗora kalangu kan kik ya fi yadda ake zato wuya, kuma yawancin ƙoƙarin da ake yi yana lalacewa a wuri ɗaya. Da yawa daga kiɗan kalangu yana raba bugu gida uku ne, alhali allon manhaja ya raba shi gida huɗu. A gudun 125, rabon uku milisakan 160 ne, rabon huɗu 120. In ka bar hayhat yana gudu a 120 kalangu yana tafiya a 160, za su yi ta tuntuɓe da juna, mai rawa ya rasa wanda zai bi. Ka zaɓi ɗaya. In makaɗin a uku yake, ka mayar da ma'aunin allo zuwa kashi ɗaya cikin uku na bugu, ka sake jera caki da rufaffen hayhat a kai, ka cire buɗaɗɗen hayhat na tsakiya ko ka matsar da shi zuwa kashi na uku. Kik da tafi ba sa motsi, su ne suke riƙe da sunan hawus. In kuma faifan a huɗu kake sonsa, ka gaya wa makaɗin tun farko ya miƙe hannu.

Ranar naɗi kada ka sa masa ƙyas-ƙyas ɗin mitironom mai ƙirga bugu a kunne, yawancin makaɗa ba su saba da shi ba kuma yana daskarar da hannunsu. Ka sa masa kik da tafi kawai, ka bar shi ya yi wasa da su har ya sami wurin zama. Makirfo ya fuskanci fatar da gula ke duka, tazarar santimita 15 zuwa 20, a ɗan karkace don kada gula ta buge shi. Kalangu a hammata yake, makaɗi kuma yana juyi in kiɗa ya yi daɗi, don haka ka zaunar da shi a kujera ka yi masa alama a ƙasa. Ka naɗa a bit 24, allura tana kaiwa wajen -12 dB a duka mafi ƙarfi, domin makaɗi yakan ƙara ƙarfi bayan ya ɗumama. Ka bar naɗin ya tafi minti 8 ko 10 ba tsayawa. Abin da za ka yi amfani da shi galibi yana can bayan minti na uku. In ka ga hannunsa ya fi sakewa a 120 ko 122, ka sauko da gudun faifan ka same shi. Jan naɗi da manhaja fiye da kashi 5 cikin ɗari yana dakushe bakin duka.

Fata tana bin yanayi. Da hunturu takan ɗaure sautin ya hau, da damina takan saki ya sauka. Duk abin da kake buƙata daga kalangu ɗaya ka naɗe shi rana ɗaya, domin in ka dawo bayan mako biyu ba lallai sautin ya yi daidai da na farko ba. In da mai kuntuku, ka naɗe shi daban. Sautinsa a tsaye yake kuma a sama, yana iya maye gurbin rim ɗin injin, wato dukan bakin ganga.

Wajen yanka, ka zaɓi gaɓa biyu ko huɗu cikakku, ka daidaita dukan farko kaɗai da kik, sauran ka bar su yadda hannu ya ajiye su. Kada ka danna kwantayiz ya jera kowane duka kan layi, domin ɗan jinkirin nan da ɗan gaggawar nan su ne abin da ka kira makaɗin dominsa. Ka yanke ƙasa da 100 ko 120 Hz a layinsa don ya bar wa kik wuri, in kuma ya yi gunji da bas ka rage 2 ko 3 dB tsakanin 250 da 350 Hz.

Sai abu mafi muhimmanci. Kalangu magana yake yi. Matsa tsarkiya da sakinta suna bin hawa da saukar harshe, kuma abin da kai ka ji a matsayin salo mai daɗi yana iya zama taken wani mutum, ko na mahauta, ko na ƴan dambe. Kafin ka yanki jimla ka yi ta maimaita ta minti shida, ka tambaya: «Baba, wannan da aka kaɗa yanzu me yake cewa, kuma na wane ne?» In take ne mai mai shi, a bar shi, a roƙi makaɗin ya kaɗa wani abu na rawa zalla. In jimla ce, kada ka yanke ta a tsakiya, masu jin kalangu a wajen biki za su ji an katse magana.

Gurumi da sarewa da algaita ba a ɗaure suke da ma'aunin fiyano ba. Maimakon ka tilasta musu da manhajar gyaran murya, ka matsar da sinti, wato kiɗan fiyanon na'ura, da bas da ƴan santi, wato ɗan ƙanƙanin hawa ko saukar sauti, har su zauna tare. Algaita tana da kaifi tsakanin 2 da 4 kHz, wanda a ƙahon lasifikar biki yake huda kunne, sai a rage shi tun a miksin.

Murya

Faifan rawa ba ya son baiti mai tsawo. Jimla ɗaya ko biyu da jama'a za su iya amsawa sun isa. Hausa harshe ne mai karin sauti, don haka in za ka ɗaga murya ko ka sauke ta, ka ɗauki jimlar gaba ɗaya. In ka bi gaɓoɓin kalma ɗaya-ɗaya kana canza musu sauti don su bi fiyano, kalma na iya komawa wata ko ta rasa ma'ana. Mawaƙi ya tsaya santimita 15 daga makirfo da tacen iska a tsakani. Ka yanke ƙasa da 100 Hz, ka rage kaifin s da sh da ts tsakanin 5 da 8 kHz. Amsa-kuwwa ta milisakan 360, wato rubu'in bugu uku, tana zama daidai a wannan gudun, ka bar maimaicinta a kashi 25 ko 30 cikin ɗari. Ribab, wato amon ɗaki, ya zama gajere, a yanke masa ƙasa da 300 Hz, domin in aka kunna faifan a zauren siminti ɗakin zai ƙara nasa.

Jeri

Faifan kayan aikin DJ ne, dole ya sami inda zai kama. Jerin gaɓa 192 yana ba da minti 6 da sakan 9. Gaɓa 32 na farko ganguna zalla, kik daga dukan farko, babu bas babu fiyano, don DJ ya ɗora shi kan faifan da ke ƙarewa ba tare da sautukansu sun yi faɗa ba. Gaɓa 32 na biyu bas da kalangu su shigo. Na uku murya da babban salon sinti. Sai sassauci na gaɓa 16, a cire kik. Sai gaɓa 48 na ƙololuwa, sannan 32 na fita, ana zare kaya ɗaya bayan ɗaya har ganguna su rage.

Kowace gaɓa 8 wani ƙaramin abu ya canza, kowace 16 ko 32 babban abu. Ba sai an ƙara sabon sauti ba: buɗe filta a hankali, cire hayhat na gaɓa huɗu, ko ɗauke kik a bugun ƙarshe kafin sabon sashe, duk suna aiki. Tekno da haka yake rayuwa, salo ɗaya da ake ta murɗa masa filta.

Sassaucin nan kada ya wuce gaɓa 16, kusan sakan 31. A gidajen rawa na waje ana iya cire kik minti ɗaya da rabi mutane na jira da hannu sama. A bikinmu in kik ya ɓace haka mata za su koma kujera, kuma tayar da su aiki ne. Ka bar kalangu da tafi suna tafiya a cikinsa don ƙafa ta sami abin bi. Ka kuma fitar da kwafi marar murya, saboda lokacin liƙi mai gabatarwa yana kiran sunaye a makirfo, kuma ba ya son wata murya a ƙarƙashin tasa.

Miksin da mastarin

Ka sauke komai ƙasa, ka ɗaga kik shi kaɗai har ya kai -10 dB, sannan bas, sannan tafi da hayhat, sannan kalangu, murya a ƙarshe. Babban layi kada ya haura -6 dB. Duk layin da ba kik ba ne ba bas ba, ka yanke masa ƙasa, ko da ba ka jin komai a can. A babban layi ka yanke ƙasa da 30 Hz. Ka riƙa danna mono akai-akai: abin da ya ɓace ko ya sirance, faɗinsa ya yi yawa. Ka yi yawancin aikin da sauti ƙasa-ƙasa, yadda za ka iya magana da na kusa da kai ba ɗaga murya. Kunne yana ɗaukar 85 dB na awa 8, kuma kowane ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu. Ka ɗauko faifan da ka san yana tashin fili, ka rage shi ya yi daidai da naka a ƙarfi, ka riƙa kwatantawa. In ba ka daidaita ƙarfin ba, wanda ya fi ƙara shi zai fi maka daɗi ko da bai fi kyau ba.

A mastarin, wato gyaran ƙarshe na faifan gaba ɗaya, ka sa limita, mai hana sauti wuce iyaka, da rufi a -1 dB, ka tura har Youlean ya nuna tsakanin -9 da -8 LUFS, ma'aunin ƙarar faifai. In limita yana danne fiye da 3 ko 4 dB, naushin kik zai mutu, faifan ya yi ƙara amma ya daina dukan ƙirji. Maganin yana cikin miksin, galibi bas ne ya yi yawa. Spotify tana sauke kowane faifai zuwa wajen -14 LUFS, don haka matse shi fiye da kima ba ya ƙara masa komai a can.

Kada ka saki faifan sai ka kai shi wurin mai hayar kayan sauti da rana ya jona maka a fili. Ka tsaya mita 2 daga lasifika, sannan mita 10, sannan 20. A fili sauti yana raguwa da 6 dB duk lokacin da tazara ta ninka, kuma a nesa ne za ka gane ko kik da murya suna isa bayan taro. Ka duba fitilun mikisa: in ja suke nunawa, sautin yana yankewa, kuma irin wannan yankewar ce ke ƙona tuwita, wato ƙaramar lasifikar siririn sauti. Ka rubuta abin da ka ji a takarda nan take, ka koma ɗaki ka gyara abu biyu ko uku kawai. Sannan ka saurara a waya ba hedifon, ka ga ko salon bas yana fitowa.

Fitarwa

Ka fitar da WAV mai bit 16 da 44.1 kHz tare da dita (saitin da ake kunnawa in za a rage bit), wanda zai kai wajen 65 MB, da MP3 mai 320 kbps, wajen 15 MB. Kowane MP3 daga WAV zai fito. In aka juya MP3 zuwa wani MP3 hayhat yana komawa kamar ruwa, kuma 128 kbps yana yanke kusan duk abin da ke sama da 16 kHz. Ka yi gajeren kwafi na minti 3 don rediyo da masu tura waƙa a memori, wanda murya ke shigowa cikin sakan 15 na farko. A sunan fayil ka sa sunanka, sunan faifan, gudu da sautin gindi, misali 125 da Am (wato La), DJ zai gode maka. A WhatsApp ka aika shi a matsayin dokiman. Filashin da za a soka a na'urar CDJ ta masu kunna faifai ya kasance FAT32, domin tsofaffin na'urorin ba sa karanta exFAT ko NTFS.

Kada ka yanko sauti daga faifan wani ba izini, Audiomack da YouTube suna iya sauke shi in mai shi ya yi ƙorafi. Makaɗi da mawaƙi kuma a yi magana da su tun kafin naɗi: kuɗin zama ne kawai, ko suna da kaso in faifan ya kawo wani abu. A rubuta a takarda da shaida, a sa sunansu a jikin faifan, sannan a yi rajistarsa a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, da sunayen duk waɗanda suke da kaso a ciki.